Mallakar Gida a Gombe da Albashi ko Ƙaramar Sana'a: Tambayoyi da Amsoshi

Na daɗe ina riƙe da littafin ƙungiyar taimakon juna ta ma'aikata a wurin aikinmu a nan Gombe, kuma cikin duk buƙatun da ake kawo mana babu wadda ta kai ta muhalli yawa. Wani zai zo da takardar fili a ninke cikin aljihun riga, wata ta zo ranta a ɓace don mai gida ya ƙara kuɗin haya, wani kuma ya ji a rediyo ana maganar lamunin gida yana son sanin ta ina ake bi. Tambayoyin nan su ne aka fi maimaita mini, wasu a ofis, wasu a ƙofar masallaci bayan la'asar.

Ta yaya zan gane gidan da ya yi daidai da ƙarfina?

Yawancin mutane suna farawa da tambayar nawa ne gidan. Ni nakan ce a fara da abin da ke saura a hannu ƙarshen wata. Ɗauki takarda ka rubuta kuɗin da ke shigo maka tabbas, ban da na yau akwai gobe babu. Cire hatsi da cefane, kuɗin boko da na islamiyya, man babur, magani, da abin da kake aika wa su Inna a ƙauye. Abin da ya rage shi ne ƙarfinka.

Bankunan lamunin gida ma suna da nasu ma'aunin: abin da za a riƙa cira kowane wata kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku na samun mutum. Mai albashin naira 120,000 ke nan iyakarsa 40,000. A ganina wannan ita ce iyakar can ƙarshe. Mai iyali da yawa gara ya tsaya a kashi ɗaya cikin huɗu, domin azumi zai zo, layya za ta zo, yara za su koma makaranta, kuma bankin zai ci gaba da cirar nasa.

Sai batun arha. Hausawa sun ce araha ba ta ado. Gidan da ke can bayan gari yana iya zuwa da sauƙin farashi, amma ka lissafa kuɗin keke na yara huɗu zuwa makaranta da dawowa, da kurar ruwa da za a riƙa saye kullum, da karo-karon sayen turakun wuta da taransifoma. Haɗa su a kan biyan wata, sannan ka ga ko har yanzu arhar tana nan.

In sayi fili in gina a hankali, ko in nemi ginannen gida?

Mafi yawan waɗanda na sani da suka mallaki gida a garin nan da fili suka fara. A kewaye, a ɗaga ɗaki biyu da banɗaki, a rufa kwano, a tare, sauran kuma a riƙa ƙarawa. Amfanin wannan hanya shi ne ranar da ka tare kuɗin haya ya tsaya, sai ya koma kuɗin bulo.

Illarta kuma tsadar kaya ce. Buhun siminti da ake saye wajen naira dubu biyar a 2023 ya haura dubu goma a farkon 2024, kuma kasancewar kamfanin siminti na Ashaka a jiharmu bai kare mu daga wannan tashin ba. Saboda haka kada ka zana gidan da sai an shekara goma kafin a kai linta. Na ga gine-gine da yawa da suka tsaya ba rufi, damina bayan damina na cin bulon, mai su kuma yana nan yana biyan haya. Zana ƙarami wanda za ka iya rufewa cikin shekara biyu, ka bar fili a tsakar gida don gaba.

Ginannen gida ya fi dacewa da mai neman lamunin banki, don banki yana son abin da zai gani ya ƙiyasta kuɗinsa. In za ka saya, tafi da maginin da ka yarda da shi, wanda ba dillali ne ya kawo shi ba. Ya hau rufi, ya buɗe sokawe, ya ƙwanƙwasa bango. Sabon fenti a tsohon gida yakan ɓoye tsaga.

Wace unguwa ce ta fi?

Ba ni da unguwar da zan zaɓa wa kowa. Gari ya faɗaɗa ta ko'ina, ta Tumfure, ta hanyar Dukku, ta hanyar Bajoga, ta hanyar Biu, ta hanyar Kumo, kuma kowane ɓangare da alherinsa da matsalarsa. Abin da nake roƙon kowa shi ne ya dubi ƙasar kanta, domin a Gombe ƙasa tana tafiya.

Garinmu a gangare yake, ruwa yana saukowa daga tuddan yamma ya ratsa unguwanni, ƙasar kuma a wurare da dama rairayi ce mai saurin zaizayewa. Wanda ya ga ambaliyar 2004 ba sai an ba shi labari ba. Gwamnati ta yi manyan ayyukan tare kwari da tallafin Bankin Duniya, irin wanda aka yi ta wajen Jami'ar Jihar Gombe zuwa unguwar Malam Inna, kuma sun ceci gidaje masu yawa. Amma ƙananan kwaruruka na nan suna tasowa a sababbin unguwanni inda aka yanka filaye ba tare da magudanar ruwa ba.

Akwai wani abokin aikinmu da ya sayi gida da rani. A bayan gidan akwai ɗan rami da yaro zai iya tsallakewa, an cika shi da shara. Damina ta uku, wata safiya bayan an kwana ana ruwa, ya kira ni. Na tarar da shi tsaye cikin taɓo, wando a naɗe, yana kallon katangarsa ta baya. Ƙarƙashinta ya rarake, harsashin ginin yana reto a iska, ana hango rodi, ga bututun banɗaki ya karye yana zuba cikin kwarin da yanzu ya fi tsayin mutum zurfi. Matarsa tana fitar da katifu ta ƙofar gaba. Ya ce mini, "Malam, ai da na zo a watan Agusta da ban saya ba."

Tun daga ranar wannan ce shawarata ta farko: je ka ga wurin da damina ta nutsa, washegarin ruwa mai ƙarfi. Bi sawun ruwan da ƙafarka ka ga ta ina ya shigo, ta ina ya fita. Dubi gindin katangun maƙwabta, in akwai tabon ruwa zai nuna. In ƙasar baƙin yumɓu ce mai darewa da rani, ka sani harsashi zai ci kuɗi fiye da yadda ka zata.

Sannan ka tambayi matan unguwar batun ruwan sha, su suka fi kowa sani. Ruwan famfon gari daga madatsar ruwa ta Dadin Kowa ake turo shi kuma bai kai ko'ina ba, rijiyar burtsatse a wasu unguwannin sai an yi zurfi sosai kafin a tarar da ruwa. Ka kuma guji fili a ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki, ko a kan burtali, ko inda aka shata hanya, ko da kyauta aka ba ka.

Ina da takardar ciniki mai sa hannun jauro (mai unguwa) da shaidu. Ba ta isa ba?

Tana da amfani, amma ba ta isa ba, kuma da kuɗina na koyi wannan.

Filina na farko ta hannun wani dillali na saye shi. An rubuta cinikin a fallen littafin makaranta, mai sayarwa ya shafa tawadar biro a babban yatsa ya dangwala, shaidu biyu suka sa hannu, aka yi fatiha. Bayan damina na tafi da tifar yashi, sai na tarar da an kafa bulo a kusurwa huɗu na filin. Muka gurfana gaban jauro ni da ɗaya mutumin, kowa da takardarsa. Jauro ya duba ya ce mini, "Malam, ka yi haƙuri, tasa ta riga taka da wata takwas." Na ce, "Ranka ya daɗe, to kuɗina fa?" An dawo mini da su, amma kaɗan-kaɗan cikin shekara biyu, lokacin da ko rabin fili irin wannan ba za su saya ba.

Ga abin da doka ta ce. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta sa duk ƙasar jiha amana a hannun gwamna. Abin da mutum ke samu shi ne haƙƙin zama da amfani, kuma shaidarsa a cikin birni ita ce takardar da muke kira C of O, wadda ga gidan zama yawanci shekara 99 take ɗauka. Filayen karkara ƙaramar hukuma ce ke ba da tasu takardar. Dokar ta kuma ce sayar da fili mai irin wannan takarda, ko jinginar da shi, sai da amincewar gwamna. Shi ya sa banki ba ya karɓar takardar jauro a matsayin jingina. Jauro da dagaci sun san tarihin ƙasa, sun san gonar wane ce tun kakanni, kuma shaidarsu tana da nauyi, don haka kada ka tsallake su. Amma daga wurinsu sai ka wuce hukuma.

To wane bincike zan yi kafin in biya?

A Gombe harkar rajistar filaye tana hannun hukumar GOGIS, wadda aka kafa a zamanin Gwamna Muhammadu Inuwa Yahaya. Karɓi kwafin takardar daga mai sayarwa, ka je da kanka ka nemi a bincika maka: sunan wa ke kan fayil, ko an jinginar da wurin, ko ana bin sa kuɗin ƙasa na shekaru, ko wurin yana cikin tsarin da gwamnati ta amince da shi. Mai sayarwar da ya hana ka kwafin takarda ya riga ya ba ka amsa.

In takardar tsohuwa ce mai ɗauke da sunan Jihar Bauchi, wannan ba laifi ba ne, don sai ranar 1 ga Oktoba 1996 aka cire Gombe daga Bauchi. A dai kai ta a tantance. Ɗauki safiyo ya auna ya tabbatar fuloti ɗin da ke takarda shi ne wanda aka nuna maka a ƙasa, domin hamsin-da-ɗari a baki yakan koma arba'in-da-tamanin in an ja igiya. Lauya ya rubuta yarjejeniya. Biya ta banki zuwa asusun mai sunan da ke kan takarda. Kafin ka zuba harsashi kuma, ka nemi izinin gini daga hukumar tsara birane.

Gidan gado ne, ɗaya daga cikin 'ya'yan ke sayarwa. In saya?

Sai in an raba gadon kuma gidan ya faɗa rabonsa, ko kuma duk magada sun wakilta shi a rubuce. Nemi takardar rabon gado daga kotu. Ka tambaya musamman game da mata da marayu da wanda ke nesa, don su aka fi mantawa, kuma su ne za su dawo bayan shekara goma da haƙƙinsu a hannu. Kalmar "ai Hamma ne babba, duk abin da ya yi daidai ne" ba hujja ba ce a gaban alƙali. A fiƙihun Malikiyya akwai kuma shufu'a: in ɗaya daga cikin masu tarayya a gidan da ba a raba ba ya sayar da kasonsa ga bare, abokin tarayyarsa yana da ikon karɓe kason a kan farashin da aka saya. Ka ga kana iya biya ka ƙare ba gida. Ban da shari'a ma, ba na so wa kowa ya kwana a ɗakin da haƙƙin maraya ke ciki.

Mene ne NHF ɗin nan da nake gani ana cirewa a albashina?

Asusun gidaje ne na ƙasa, an kafa shi da doka a 1992, kuma Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya, FMBN, ke kula da shi. Ana cire kashi 2.5 cikin ɗari na albashi. Abin da ke ba ni takaici shi ne ma'aikata da yawa sun ɗauke shi haraji, alhali ajiyarsu ce. Wanda ya yi wata shida yana zubawa ya cancanci neman lamuni. Wanda bai taɓa nema ba kuma, in ya yi ritaya yana da ikon neman a mayar masa da abin da ya tara.

Lamunin NHF kuɗin ruwansa kashi 6 cikin ɗari ne a shekara, ana iya biyansa har tsawon shekara 30. Da naira miliyan 15 ce iyakarsa, daga baya aka ɗaga zuwa miliyan 50. Wanda bai nemi sama da miliyan 5 ba, ba a neman ya kawo kason farko daga aljihunsa. Daga nan zuwa miliyan 15 kuma kashi 10 cikin ɗari ake nema. Ba kai tsaye ake karɓa ba, ta hannun ƙaramin bankin lamunin gida da FMBN ya amince da shi ake bi. Za a nemi takardun albashi, shaidar biyan haraji, ƙiyasin darajar gidan, taswirar gini mai izini, da takardar mallakar da za a iya jinginarwa. A nan ne mafi yawan mutanenmu ke tsayawa, shi ya sa na daɗe a kan maganar takarda.

Matakin farko mai sauƙi ne. Duba takardar albashinka ka ga ko ana cirewa, sannan ka je ofishin FMBN da lambarka ka tabbatar kuɗin suna isa asusunka. Kuma ka shirya haƙuri, lamunin nan ba ya fitowa cikin mako biyu. Kada ka yi wa mai gida alkawarin rana a kansa.

In na karɓi miliyan biyar, nawa zan riƙa biya?

A kashi 6 cikin ɗari, ga yadda lissafin yake, a kusance. Shekara 10: naira 55,500 a wata, jimla miliyan 6.7. Shekara 15: naira 42,200, jimla miliyan 7.6. Shekara 20: naira 35,800, jimla miliyan 8.6. Shekara 30: naira 30,000, jimla miliyan 10.8.

Dubi tsakanin shekara 20 da 30. Sauƙin da ka samu a wata bai kai naira 6,000 ba, amma ka ƙara wa kanka shekara goma da fiye da miliyan biyu. Ni na fi son mutum ya zaɓi mafi gajarta da zai iya ɗauka ba tare da tukunya ta tsaya ba. Shekarunka ma suna da ta cewa, don ana so a gama biya kafin ritaya, wato shekara 60 da haihuwa ko 35 na aiki ga yawancin ma'aikatan gwamnati. Mai shekara 45 ke nan 15 suka rage masa, kuma in iyakarsa 40,000 a wata, abin da zai samu bai kai miliyan biyar ba. Matasan da suka kama aiki, ku ji wannan da kyau: yanzu ne lokacinku.

Wani bankin kasuwanci ya ce zai ba ni cikin sati guda. Me ka gani?

Ka tambaye su kuɗin ruwan a shekara, a rubuce. A 'yan shekarun nan na bankunan kasuwanci ya wuce kashi 20 cikin ɗari. Mu ɗauka 25 ne. Miliyan biyar a shekara 10 za ta zama kusan naira 113,700 a wata, kuma a watan farko fiye da 104,000 daga ciki kuɗin ruwa ne zalla. Jimla miliyan 13.6. Gidan zama ba ya haifar da kuɗi, da albashi za ka biya. Ban taɓa ba ma'aikaci shawarar wannan hanya ba.

Haka nan masu ba da bashi ta waya da ke cewa kashi 5 ne kawai. A wata suke nufi.

Amma Malam, shi kashi shidan ma ai riba ce?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace nauyi a garinmu, kuma ba na wasa da ita. Ƙari ne a kan bashi, ƙanƙantarsa ba ta sauya sunansa ba, kuma mutane da yawa da na sani sun bar shi saboda haka. Ni ba mai fatawa ba ne. Ɗauki takardar yarjejeniyar kanta ka kai wa malamin da ka yarda da iliminsa, ya karanta sharuɗɗan.

Akwai bankunan da ba sa mu'amala da kuɗin ruwa: Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJ a 2019, Lotus a 2021. Hanyoyin da ake bi a irin wannan tsari sanannu ne. A murabaha banki ne zai sayi gidan ya zama nasa, sannan ya sayar maka da ribar da aka faɗa tun farko, ka biya kashi-kashi, farashin kuma ba ya ƙaruwa. A ijara banki ke da gidan, kana biyan haya, a ƙarshe ya zama naka. A musharaka kuna tarayya, kana sayen kason bankin sannu a hankali, hayar da kake biya tana raguwa.

Sai dai halacci daban, sauƙi daban. Ribar ciniki tana iya yin yawa, wa'adin kuma gajere. Tambayoyi uku za ka yi: jimlar abin da zan biya nawa ne, in na yi jinkirin wata me zai faru, in na samu kuɗi na biya da wuri za a rage mini? A rubuta amsar.

Ni ɗan kasuwa ne, ba ni da albashi. Ina da rabo?

Akwai. Mai sana'ar kansa ma yana iya yin rajista da NHF ya riƙa zubawa. Matsalar ita ce shaidar samu. In cinikinka duk a aljihu yake ƙarewa, banki ba shi da abin dubawa, don haka fara shigar da kuɗinka ta asusu tun shekara guda kafin ka nema.

Ga yawancin 'yan kasuwar Gombe dai adashi da ƙungiya sun fi kusa. Kwasa ɗaya fili, ta biyu bulo, ta uku kwano. Gargaɗina guda ne: kada ka cinye jari a gini. Na ga mai shagon hatsi da ya gama gida mai kyau shagon ya zama fanko.

Gaskiya ne ana iya taɓa kuɗin fansho don sayen gida?

Gaskiya ne ga wanda ke cikin sabon tsarin fansho mai asusun kansa. A 2022 hukumar PenCom mai kula da fansho ta fitar da ƙa'idar da ta ba ma'aikaci damar amfani da abin da bai wuce kashi 25 cikin ɗari na asusunsa ba a matsayin kason farko na lamunin gida. Sai ya yi aƙalla wata 60 ana zuba masa. Kuɗin ba hannunka za su shigo ba, wurin mai ba da lamunin za su tafi. Ka tuna kuma abin da aka cire yau daga abincin tsufanka aka cire shi.

Gidajen gwamnati fa?

A sa musu ido. Unguwar Federal Low Cost shaida ce cewa irin waɗannan gidaje sun taɓa zaunar da iyalai masu yawa. A 2024 ma ma'aikatar gidaje ta tarayya, ƙarƙashin Ahmed Musa Dangiwa, ta sa Gombe cikin jihohin da aka fara gina rukunin gidaje 250 a kowace. FMBN kuma yana da tsarin da mutum zai shiga gidan da bankin ya ɗauki nauyin ginawa, ya riƙa biya kamar haya har ya zama nasa, ba tare da ya kawo takardar fili ba. Wannan ya fi sauƙi ga wanda takarda ta tsayar.

Nema ta ofis ko ta shafin hukumar ake yi. Duk wanda ya tare ka ya ce yana da hanya, a ba shi na goro ya sa sunanka, rabu da shi.

Ban da farashin gida, me kuma zan tanada?

La'adar dillali, wadda ya kamata a yanke tun kafin ciniki, a kuma san wa zai biya. Kuɗin lauya, na safiyo, na bincike, na amincewar gwamna da rajista, na mai ƙiyasta gida, na inshora ko takaful (inshorar Musulunci), da gyaran da ba a rasawa bayan an tare. Tambayi kowane ofis nasa a rubuce. Kada ka bayar da kafin alƙalami sai an rubuta abin da zai faru da shi in bincike ya nuna matsala.

Ni mace ce, da kuɗina za a saya. Sunan wa za a sa?

Sunanki, Hajiya. Dukiyar mace tata ce a Musulunci, kuma doka ba ta hana ki takardar mallaka ko lamuni ba. Na san kunya ce ke sa da yawa su ce a sa sunan maigida ko na yaya. Amma ranar da aka zo rabon gado takarda za a duba, gidan da kika sayar da sarƙarki da awakinki kika saya sai ya shiga kason mutanen da ba su san wahalarsa ba. In haɗa kuɗi kuka yi da maigida, a rubuta sunayen biyu da kason kowa, a gaban shaidu. Wannan ba rashin yarda ba ne, aya mafi tsawo a Alƙur'ani ma a kan rubuta bashi ta sauka.

In na kasa biya, ko ta Allah ta kasance kafin in gama, ya za a yi da iyalina?

In samu ya ragu, je bankin da ƙafarka tun watan farko, kafin su neme ka. Nemi a sake tsara biyan. Gidan jingina ne a hannunsu, kuma in abin ya yi nisa suna da ikon sayar da shi. In ka ga ba za ka iya ba, gara ka sayar da kanka da daraja, ka biya su, ka riƙe sauran ka koma ƙaramin wuri.

Batun rasuwa kuwa, bashi ake fara biya daga abin da mamaci ya bari kafin wasiyya da gado. Saboda haka tun ranar sa hannu ka tambaya ko lamunin yana da inshorar rai ko takaful da zai biya ragowar, kuma nawa zai biya. Sannan ka zaunar da uwargida da babban ɗanka ka gaya musu nawa ake bin ka, wane banki, saura shekara nawa. Yi kwafin takardun kashi biyu, ɗaya a gida cikin leda inda gara da ruwa ba za su kai ba, ɗaya a wurin ɗan'uwan da ka amince da shi a wata unguwa.